Jamhuriyar Weimar

Jamhuriyar Weimar ita ce gwamnatin dimokuraɗiyya da ta mulki Jamus bayan ƙasar ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. An shelanta ta ranar 9 ga Nuwamba 1918, ranar da aka sanar da saukar Sarki Wilhelm na Biyu. Ta samo sunanta daga garin Weimar, inda majalisa ta zauna a 1919 ta rubuta tsarin mulki, saboda Berlin na fama da tarzoma. A zaɓen Janairun shekarar ne matan Jamus suka fara kaɗa ƙuri'a a faɗin ƙasa baki ɗaya. Friedrich Ebert ya zama shugaba na farko.

Tun daga haihuwarta ta ɗauki laifin da ba nata ba. Shugabanninta ne suka sa hannu a Yarjejeniyar Versailles, wadda ta ƙwace wa Jamus yankuna, ta rage sojojinta zuwa dubu 100, ta kuma ɗora mata diyyar yaƙi. Manyan hafsoshi suka yaɗa ƙaryar cewa ba a ci su a fagen daga ba, 'yan siyasar gida ne suka ci amanarsu. Alƙalai da hafsoshin zamanin sarki kuwa suna nan kan kujerunsu, zuciyarsu ba ta tare da sabon tsari.

Duk da haka ta daɗe tana tsallake rijiya da baya. A Maris 1920 Wolfgang Kapp da wasu sojoji suka ƙwace Berlin, ma'aikata suka tafi yajin aikin gama-gari, jiragen ƙasa suka tsaya, ruwa da wuta suka ɗauke, cikin kwanaki kaɗan juyin mulkin ya watse. Shekarar 1923 ta fi muni: Faransa da Beljiyam suka mamaye yankin Ruhr, kuɗi ya lalace har dala ɗaya ta kai mark tiriliyan 4.2, mai albashi na rugawa kasuwa da kwandon takardun kuɗi kafin farashi ya sake tashi. Hitler ya gwada juyin mulki a Munich, aka murƙushe shi. Gwamnatin Gustav Stresemann ta fito da sabon kuɗi, ƙasa ta samu sa'ida.

Karyewar tattalin arzikin duniya a 1929 ta jefa kusan mutum miliyan 6 cikin rashin aiki. Shugaba Hindenburg ya koma mulki da dokokin ta-ɓaci ƙarƙashin sashe na 48 na tsarin mulki, kuma shi da kansa ya naɗa Hitler shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933.