Ceto bayanai daga filashin USB da ya lalace

Ceto bayanai daga filashi shi ne aikin fito da fayiloli daga ɗan ma'ajin nan na USB bayan ya daina aiki, ko don ya karye, ko ruwa ya shige shi, ko kwamfuta ta daina ganinsa, ko an goge abin da ke ciki bisa kuskure. A Accra da Kumasi an fi kiran ma'ajin da fendiraif. Aikin daban yake da gyaran filashin kansa, domin mai ceto bai damu da ko filashin zai sake aiki ba, wani lokaci ma sai ya farke shi kafin ya kai ga abin da yake nema. Sana'ar ta dogara ne a kan cewa sashen da ke riƙe da bayanai ya fi sauran sassan juriya. Sau da yawa ba lalacewar farko ce ke halaka fayiloli ba, abin da aka yi wa filashin bayanta ne.

Tarihi

Fujio Masuoka, injiniya a kamfanin Toshiba na Japan, shi ne ya ƙirƙiro irin wannan ma'aji da ke riƙe bayanai ko babu wuta, a wajajen farkon shekarun 1980. Ya gabatar da nau'in NOR a wani taron injiniyoyi a San Francisco a 1984, sannan nau'in NAND a 1987. NAND ne ya fi arha, ya kuma fi ɗaukar kaya a ɗan ƙaramin wuri, shi ya sa shi ne ke cikin filashi da katin waya har yau. Ita kuwa kafar USB, gamayyar kamfanoni ce ta fitar da ita a 1996, cikinsu har da Intel da Microsoft da IBM da Compaq. USB 2.0 ya biyo baya a 2000, USB 3.0 kuma a 2008.

Akwai saɓani kan wanda ya fara haɗa ma'ajin da kafar. Kamfanin M-Systems na Isra'ila, ƙarƙashin Dov Moran, ya nemi rajistar haƙƙin ƙirƙira a 1999. Netac na Sin da Trek 2000 na Singafo su ma kowanne ya ce nasa ne, kuma an kai ga shari'a a ƙasashe da dama. Abin da aka fi yarda da shi shi ne filashi ya shiga kasuwa a shekarar 2000, inda Trek ya sayar da ThumbDrive, IBM kuma ya sayar da na M-Systems mai megabait 8 a ƙarshen shekarar. Wannan ya fi abin da faifan fulofi biyar ke ɗauka, tunda kowanne megabait 1.44 ne. SanDisk ya sayi M-Systems a 2006.

Wani sauyi da ya shafi aikin ceto kai tsaye shi ne yadda aka riƙa cusa bayanai da yawa a kowane ɗan gurbi na ma'ajin. Na farko-farko, SLC, bit ɗaya (mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai) yake ajiyewa a gurbi, kuma akan ƙiyasta yana jure gogewa da sake rubutu kusan sau 100,000. MLC ya koma biyu, TLC uku, QLC huɗu, juriyar kuma ta yi ta raguwa zuwa 'yan dubbai ko ƙasa da haka. Filashi ya yi arha ya ƙara girma, amma kurakuran karatu sun ƙaru, kuma gyara su ya zama babban ɓangare na aikin.

Abin da ke cikin filashi

Idan aka buɗe filashi na gargajiya za a ga baki na ƙarfe mai shiga kwamfuta, da ɗan allon lantarki, da ayisi biyu, wato 'yan ƙwayoyin lantarki da ke manne a allon: ayisin ajiya da kwantirola. Kwantirolar, wadda kamfanoni irin su Phison da Silicon Motion da Alcor Micro ke ƙerawa, ita ce ke magana da kwamfuta. Ba ta jera bayanai a ayisin ajiya yadda kwamfuta ta turo su. Warwatsa su take yi don kada wasu gurabu su riga wasu tsufa, tana cakuɗa su da wani lissafi, tana ƙara musu lambobin gyara kuskure, sannan ta riƙe taswirar inda ta sa kowane yanki. In kwantirola ta mutu, bayanan na nan, amma a hargitse.

A saman wannan akwai tsarin fayil, galibi FAT32 ko exFAT, wanda ke riƙe da jerin sunayen fayiloli da wuraren zamansu. Misalinsa littafin da mai gidan haya ke rubuta sunan kowane ɗan haya da ɗakinsa: yaga shafin ba ya fitar da kowa daga ɗaki, sai ranar da aka ba wani sabo ɗakin. A FAT, goge fayil yana nufin sauya harafin farko na sunansa da alamar E5 da kuma sanya wurinsa a cikin wuraren da babu kowa. Yawancin filashi ba sa bin umarnin TRIM da ke sa ma'ajin SSD share abin da aka goge nan take, don haka damar ceto ta fi yawa a filashi.

Ire-iren lalacewa

Lalacewar tsarin fayil ita ta fi yawa. Takan zo ne daga zare filashi ana tsakiyar rubutu ko ɗaukewar wuta, sai kwamfuta ta ce sai an yi fomat kafin a buɗe shi. Akwai karyewar baki ko tsagewar dalmar da ta riƙe shi, musamman idan an bangaji filashin yana jikin kwamfuta. Akwai ƙonewa daga kafar da wutarta ta wuce bolt 5, da tsatsa daga ruwa ko danshi, da mutuwar kwantirola, inda filashin ke nuna girman sifili ko wani baƙon suna. Bairos mai ɓoye folda ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu ba ya goge komai, kuma umarnin attrib na Windows yakan dawo da su.

Hanyoyin ceto

Ƙa'idar farko ita ce kada a ƙara rubuta komai a filashin, kada kuma a amsa tayin fomat. Fomat mai sauri jerin sunaye kawai yake sabuntawa, amma cikakken fomat, tun daga Windows Vista, sifili yake rubutawa a ko'ina, kuma bayansa babu abin da ake samu. Umarnin chkdsk na Windows shi ma yana da haɗari, domin gyara yake yi a jikin filashin, yakan kuma yayyanka fayiloli zuwa guntaye a foldar FOUND.000.

Idan kwamfuta na ganin filashin da girmansa na gaskiya, masu aikin kan fara kwafe shi gaba ɗaya, gurbi bayan gurbi, zuwa fayil guda a wani ma'aji, sannan su yi aiki a kan kwafin. Shirin kwamfuta na GNU ddrescue, wanda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, yana fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, daga baya ya dawo kan masu gardama. TestDisk na Christophe Grenier yana gyara jerin da ya ɓaci. PhotoRec, ɗan'uwan TestDisk, bai kula jerin ba sam, alamomin farkon fayil yake bi, kamar FF D8 FF na hoton JPEG. Yakan dawo da fayilolin ba tare da sunayensu ko foldarsu ba, kuma bidiyo mai girma da aka ajiye a rarrabe yakan fito a yanke. Duka ukun kyauta ne. Recuva na Piriform ya fi sauƙin amfani ga fayilolin da aka goge kwanan nan. Duk abin da aka ceto, a wani ma'aji daban ake ajiye shi.

Karyayyen baki aikin dalma ne: a sake liƙe ƙafafun, ko a jona wayoyi huɗu na tsohuwar igiyar USB kai tsaye a allon. Wanda ya jiƙe ba a jona shi sai an wanke shi da barasar isofurofil ya bushe sarai.

Idan kwantirola ce ta mutu, sai a ɗaga ayisin ajiya da iska mai zafi, a karanta shi a na'ura ta musamman, sannan a warware cakuɗin a sake gina taswirar. Kayan da aka sani a wannan fanni sun haɗa da PC-3000 Flash na ACE Lab da VNR na Rusolut, masu tsada da buƙatar horo. Ƙananan filashi na yanzu da dama dunƙule guda ne, an rufe kwantirola da ma'aji a cikin baƙin roba ɗaya. Irinsu sai an kankare bayansu, a jona siraran wayoyi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Wanda aka kulle da BitLocker, tsarin kulle bayanai na Windows, kuwa ba ya buɗuwa sai da kalmar sirri ko mabuɗinsa mai lamba 48.

Akwai manhajojin masana'anta da ke sake loda kwantirola. Suna farfaɗo da filashi, amma suna share duk abin da ke ciki, don haka ya kamata mai kai gyara ya faɗa tun farko cewa fayilolin yake so.

A Accra da Kumasi

A unguwanni irin su Nima da Mamobi da Sabon Zango a Accra, da Aboabo da Asawase a Kumasi, filashi na ɗauke da hotunan aure da suna, da tafsirin azumi, da takardun tafiya, da aikin ɗaliban jami'a. Yana yawo daga shagon buga takardu zuwa rediyon mota, kuma a wannan yawon yake kwasar bairos. Shekarun dumsor, wajen 2012 zuwa 2016, lokaci ne na yawan katsewar wuta a tsakiyar aiki. Danshin gaɓar teku a Accra kuma yana saurin sa tsatsa.

Akan kai irin wannan matsala wajen masu gyaran waya da kwamfuta na Tip Toe Lane a Circle da ke Accra, ko na Adum a Kumasi. Aikin dalma da na manhaja suna cikin abin da hannunsu ya saba da shi.

Jabun filashi matsala ce ta daban. Ana sauya kwantirolarsa ta nuna, misali, gigabait 64 alhali 8 ne a ciki, kuma duk abin da ya wuce girman gaskiya ko dai bai taɓa ajiyuwa ba ko ya danne na baya. Babu manhajar da ke dawo da shi. Manhajojin H2testw da F3 suna gano jabu kafin a ba shi amanar komai.

Sirri da doka

Sauƙin ceto yana nufin filashin da aka sayar ko aka yar zai iya tona asirin mai shi. A 2009 ɗaliban aikin jarida na Jami'ar British Columbia sun sayi tsohon faifan kwamfuta a Ghana, suka tarar da takardun kwangilolin gwamnatin Amurka a ciki. Dokar Kare Bayanai ta Ghana ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa masu sarrafa bayanan mutane nauyin kiyaye su, kuma ita ce ta kafa hukumar da ke sa ido a kan hakan.