Kayan gyaran Peugeot 504 Coupé da Cabriolet

Peugeot 504 Coupé da 'yar'uwarta Cabriolet motoci ne masu ƙofa biyu da kamfanin Peugeot na Faransa ya fitar daga 1969 zuwa 1983. Cabriolet, mai rufin da ake naɗewa, an ƙera kimanin 8,000 ne kawai, waɗanda ke ɗauke da injin V6 mai silinda shida a cikinsu kuwa ba su kai 1,000 ba. Duk da sunan 504 da suke ɗauke da shi, samun kayan gyaransu ya bambanta ƙwarai da na Fijo mai ƙofa huɗu da aka saba gani.

Asali

An fara nuna su a baje kolin motoci na Geneva a watan Maris na 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana su, shi ne kuma yake ƙera bodin a kusa da Turin, sannan a kai shi masana'antar Peugeot da ke garin Sochaux a Faransa a ɗora masa inji da giya. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 2.55 ce, ta mai ƙofa huɗu kuwa mita 2.74. Saboda haka ƙofa, bonet, marfin but da gilasan waccan ba sa hawa kan waɗannan.

Sauye-sauyen shekaru

Nan ne masu saye suka fi yin asara. Motocin farko suna da inji mai cc 1,796, aka ƙara shi zuwa 1,971 wajen 1970. A ƙarshen 1974 aka kawo injin V6 mai cc 2,664, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka haɗa hannu suka ƙera, aka kuma sauya fitilun gaba guda huɗu na farko da wasu masu faɗi, tare da fitilun baya. Wajen 1979 bambar ƙarfe mai sheƙi ta koma ta roba. Fitilar 1972 ba ta zama a gurbin ta 1976, shi ya sa gogaggen bakanike ba ya cinikin komai sai ya duba lambar shasi da ta inji, ya haɗa su da littafin kayan gyara na wannan shekarar.

Inda ake samu

Kayan inji su ne masu sauƙi. An haɗa 504 a Ajantina har 1999, a Kenya har wajen 2004, a masana'antar Peugeot ta Najeriya (PAN) da ke Kakuri a Kaduna kuma har wajen 2006, don haka fistin, ringi da gasket na injin lita 2 ba su yi wuya ba. Sai dai a kasuwanni irin su Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano abin da ke shago galibi na mai kafireta ne, alhali Coupé mai silinda huɗu da injekta take aiki, ta farko ƙirar Kugelfischer. Famfon wannan injekta ba a sauya shi da sabo. Gyara shi ake yi, masu iya gyaran kuwa kaɗan ne. Kayan ƙafar baya na wagon da a-kori-kura ma ba sa yi mata, domin nata kowace taya da kanta take motsi.

Bodi shi ne babbar matsala, ga shi tsatsa na cinsa sosai. Ana dogara da motocin da aka farke, da ragowar tsohon kaya da ba a taɓa amfani da shi ba, da abin da ƙungiyoyin masu irin motar a Turai suke sa a sake ƙerawa. Ƙungiyar L'Aventure Peugeot, mai kula da gidan tarihin kamfanin a Sochaux, tana sayar da wasu kayan tsofaffin motoci. Inda duk aka rasa, mai gyaran bodi ne ke yanka ƙarfe ya buga da hannu.

Saɓani

Wasu masu tara motoci ba sa yarda da kayan da ba na asali ba, wasu kuma suna sa kafireta a madadin injekta don motar ta ci gaba da tafiya. Irin wannan sauyi yakan rage mata kuɗi a kasuwa.