Gyara da sauya fasalin bambar ƙarfe a tsofaffin motoci

Bamba ita ce ƙarfen da ke gaba da bayan mota don kare jikinta idan ta yi karo. Har zuwa farkon shekarun 1970, yawancin motocin Amurka da Turai suna zuwa ne da bambar ƙarfe mai kauri, wadda aka matse a inji aka lulluɓe da kurom mai sheƙi kamar madubi. Daga 1973 doka a Amurka ta wajabta bambar gaba ta jure karo na gudun mil 5 a awa, sai kamfanoni suka koma ga manyan bambobi masu roba, daga bisani kuma filastik ya mamaye kasuwa. Shi ya sa masu farfaɗo da motocin da suka girmi wannan doka suke gyara tsohuwar bamba maimakon jefar da ita.

Aikin ya fi kama da ƙira fiye da gyaran jikin mota. Ƙarfen ƙofa bai cika wuce milimita 1 ba, amma na bamba yakan ninka haka sau biyu ko uku, ƙaramar guduma ba ta ko motsa shi. Da farko ana amfani da sinadari a cire kurom da nikel, wato ƙarfen da ke ƙarƙashin kurom ɗin, a wurin masu lulluɓe ƙarfe. Tsallake wannan mataki ganganci ne, domin hayaƙin kurom idan ya sha wutar walda yana iya jawo cutar daji ta huhu. Daga nan sai a yanka kwali daidai da lanƙwasar ɓangaren da bai lalace ba, ya zama ma'auni. Babbar lanƙwasa ana miƙe ta da injin matsi mai aiki da ƙarfin matsin mai, kaɗan-kaɗan, don ƙarfe yakan ɗan koma baya da zarar an sake shi. Inda ya yi taurin kai sai a gasa shi da wutar gas har ya yi ja, a buga a kan maƙera, a bar shi ya huce da kansa. Zafi in ya yi yawa a wuri guda yana murɗe bambar gaba ɗaya, gyara ya zama ɓarna.

Wahalar gaske tana wajen gamawa. A jikin mota ana cike lotsawa da bodi fila a fesa fenti, magana ta ƙare. A bamba babu wannan rufin asiri, saboda kurom da lantarki ake ɗora shi, kuma ba ya kama fila. Shi kansa kurom ɗin bai kai kaurin gashi ba, duk wani tabo sai ya fito da shi fili. Don haka ramukan tsatsa da walda ko tagulla ake cike su, a bi da magagari, a goge. Masu lulluɓi sukan ɗora jan ƙarfe, su goge, su sake ɗorawa har fuskar ta yi sumul, sannan nikel, kurom a ƙarshe.

Akwai kuma masu sauya fasali don ado, al'adar da ta bunƙasa a Kalifoniya a shekarun 1940 da 1950. Suna yanke tsakiyar bamba su rage faɗinta, su matso da ita jikin mota, su toshe ramukan ƙusoshi su walda maƙalai ta baya. Bambar motar DeSoto ta 1937 da ta motar Plymouth ta 1949, masu zane-zanen layi, sun yi farin jini a wurinsu.

Bambar Peugeot 404 da 504, motocin da a da suka cika titunan Najeriya da Nijar, ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce. Ita ba ta buƙatar kurom, bugu da gogewa sun wadatar, sai dai tana saurin taurara a ƙarƙashin guduma, zafi kuma yana sauya mata launi.