Wai mene ne "oksidetif sitires" da ake dangantawa da maganin farfaɗiya?

Wata 'yar uwa ce ta turo min hoton wani rubutu da ta gani, tana da farfaɗiya tun tana budurwa, yanzu ga ciki wata biyu, an rubuta wai maganin da take sha yana jawo oksidetif sitires, hankalinta ya tashi har ta kwana biyu bata sha ba. Gaskiya abin ya dame ni, shi yasa nace bari in yi bayanin kalmar.

Kin san in kika fere doya kika barta a fili zakiga ta fara sauya kala, ko kwanon rufi da ya sha damina ya kama tsatsa. Iskar oksijin ce ke wannan aikin. To a jikinmu ma haka ne, duk sanda ƙwayoyin jiki suka ƙona abinci da oksijin don samun ƙarfi akwai wasu 'yan burbushi masu ɓarna da suke fita, suna cin kitsen da ya lulluɓe ƙwayar halitta, suna taɓa furotin har da DNA. Allah ya yiwa jiki masu share su, irinsu gulutatayon da wasu sinadarai da jiki ke haɗawa da kanshi, sai bitamin C da E da muke samu a abinci. In masu ɓarnar suka fi ƙarfin masu sharar, shine oksidetif sitires. Wani masani Bajamushe, Helmut Sies, shi ya fito da kalmar a 1985. Ni dai tsatsar ƙwayoyin jiki nake ce mata.

Ƙwaƙwalwa tana cikin sassan jiki da suka fi saurin kamuwa, don nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba amma tana shan wajen kashi 20 na oksijin, gata da kitse. Kuma abinda masu yaɗa rubutun nan basa faɗa, ita kanta faɗuwar tana ƙara tsatsar, duk sanda ciwon ya tashi burbushin nan ƙaruwa suke. Shima ciki, ko na mai lafiya ƙalau, yana ɗaga ta saboda aikin da mabiyiya ke yi.

Maganin fa? Eh, bincike ya nuna tsofaffin magunguna irin fenitoyin, fenobabiton, kabamazafin wato Tegretol, da balfurowet wanda aka fi sani da Epilim suna iya ƙara ta, ana ganewa ta hanyar auna wani sinadari MDA a jini. Masana na ganin tana cikin hanyoyin da wasu magungunan ke taɓa jariri a ciki, amma ba ita kaɗai bace, kuma magungunan ba ɗaya suke ba ko kusa. Balfurowet shi yafi haɗari, kusan jariri 1 cikin 10 na zuwa da tawaya, alhali a sauran mata 2 zuwa 3 ne cikin ɗari, kuma yana taɓa kaifin ƙwaƙwalwar yaro. Shi yasa a 2018 Birtaniya ta hana a baiwa macen da zata iya ɗaukar ciki sai da tsari mai tsauri na kariya daga ɗaukar ciki. Lamotirijin da lebetirasetam wato Keppra sun fi ƙarancin haɗari nesa ba kusa ba, matsalar dai a wajenmu tsada, shi yasa fenobabiton da Tegretol suka fi yawa a hannun mutane.

Dan Allah 'yar uwa kar ki ajiye magani da kanki, ko uwar miji ce tace ki daina. Faɗuwa da ciki, a bakin murhu ko a banɗaki, tana iya tafiya da uwa da ɗa. Fiye da kashi 90 na masu farfaɗiya lafiyayyun yara suke haifa. Canjin magani aikin likita ne, kuma yafi kyau tun kafin cikin ya shiga, don laka da ƙwaƙwalwar jariri suna rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da yawanci mace bata ma tabbatar da ɓatan wata ba. Folik asid ma, wato ƙwayar bitamin da ake baiwa masu ciki, tun kafin ciki ake farawa.

Sai masu tallan maganin "wanke jiki" a WhatsApp, su kam kalmar nan ta zame musu jari. An gwada baiwa dubban masu ciki bitamin C da E da yawa don hana hawan jinin ciki mai kawo jijjiga, bai hana ba. Ci zogalenki da alayyahu da gwanda da lemo, amma basa maye gurbin ƙwayarki. Ita 'yar uwar tawa ta koma sha a daren da muka yi magana, washegari mijinta ya kaita awo da kwalin maganin a jaka don likita ya gani da idonshi.