Waiwaye: Daga Farfelar Jirgin Yaƙi Zuwa Bahon Wanke Kwalabe

Masu muhawara kan tsabtace gurɓataccen ruwa da sauti, musamman lalata PFAS, wasu sinadaran masana'antu masu taurin kai da ba sa ruɓewa da sauƙi, sun rabu gida biyu. Wasu na cewa fasahar ta kusa shiga masana'antu, wasu kuma na cewa wutar da take sha ta fi amfaninta. Wannan takaddama ba yau ta samo asali ba.

A 1895 injiniyoyin jirgin ruwa Thornycroft da Barnaby suka bayyana cewa farfelar jirgin yaƙin Birtaniya, HMS Daring, tana yayyaga ruwa ta haifar da kumfa, har jirgin ya kasa gudun da aka zata. Lord Rayleigh ya yi lissafin ruftawar irin wannan kumfa a 1917. A 1927 Richards da Loomis a Amurka suka nuna cewa sautin da ke kaɗawa fiye da sau 20,000 a daƙiƙa, wanda kunne ba ya ji, yana hanzarta aikin sinadarai. Sautin ne ke buɗe ƙwayar kumfa irin ta farfelar, ta kumbura, ta rufta kafin ƙiftawar ido. A 1986 Kenneth Suslick da abokan aikinsa suka kiyasta zafin cikinta da wajen digiri 5,000, zafin da ke hanzarta aikin sinadaran.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne shekarun 1980, lokacin da bahon wanke kwalaben gwaji mai aiki da sauti ya yi arha, ya shiga ɗakunan bincike ko'ina. Don cire datti aka ƙera shi. Amma da yake yana kan teburi, sai masu bincike suka riƙa tsoma kwalbar sinadari a ciki, su ga aiki ya yi sauri, su rubuta rahoto. Fannin ya bunƙasa ta haka, ba laifi. Sai dai bahon ba ya raba ƙarfinsa daidai. Tsoma fallen alminiyam siriri a tsaye na minti ɗaya, ka ciro shi: za ka ga ya huhhuje layi-layi, tsakanin layukan kuma ko ƙwarzane babu. A bahon da ke kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, tazarar layi da layi ba ta kai santimita 2 ba. Wato matsar da kwalba da faɗin yatsa, ko ƙara ruwa a bahon, ya isa ya canza sakamako.

Ga kuma batun wat, ma'aunin ƙarfin inji. Da yawa sun riƙa rubuta ƙarfin da ke jikin injin, alhali wani kaso ne kawai ke shiga ruwan a matsayin sauti. Abin mamaki, ma'auni na nan tun 1950, lokacin da Weissler ya nuna cewa kumfar na fitar da ayodin daga gishirinsa, ana iya auna yawansa a san ƙarfin aikin sautin. Ko ma'aunin zafi kaɗai ya isa ya nuna ƙarfin da ya shiga.

Da injiniyoyi suka zo gina manyan tankuna, a ganina nan bashin wannan sakaci ya taso. Sun tarar da tarin sakamakon da ba a iya jerawa a gwada. Ƙara wuta ma bai warware ba, domin kumfar kan yi cincirindo a bakin na'urar da ke fitar da sautin ta tare shi, ruwan da ke nesa ya zauna lafiyarsa lau. Shi ya sa aka karkata ga tankunan da ruwa ke gudana ta siririn bututu, an jera na'urori da dama a jikinsa.