NOTSS: Ƙwarewar Likitan Tiyata Wadda Ba ta Hannu Ba

A watan Maris na 2005 aka shigar da Elaine Bromiley, mai shekara 37, ɗakin tiyata a Ingila don a yi mata ɗan aiki a hanci. Da aka yi mata allurar barci sai aka kasa zura mata bututun numfashi. Manyan likitoci uku, biyu na sa barci, ɗaya na kunne da hanci da maƙogwaro, suka duƙufa a kanta, wannan ya gwada, wancan ya karɓa. Iskar da ke jininta ta faɗi zuwa kashi 40 cikin ɗari, ta zauna a nan sama da minti ashirin. Wata nas ta hango inda aka dosa, ta ɗauko kayan huda maƙogwaro don a buɗe wa iska hanya, ta ce ga su nan. Wata kuma ta buga waya ta nemi gado a sashen kulawa ta musamman. Ba wanda ya bi ta kansu. Elaine ba ta farfaɗo ba, ta rasu bayan kwana 13.

Duk likitocin nan ƙwararru ne, kayan aiki kuma akwai. Abin da ya kuɓuce musu shi ne lissafin lokaci, da sanin wa ke jagoranci, da sauraron na ƙasa. Waɗannan su ne abubuwan da NOTSS ke magana a kai.

NOTSS taƙaitaccen suna ne na Turanci, ma'anarsa ƙwarewar likitan tiyata wadda ba ta shafi riƙon wuƙa da ɗinki ba. Masana halayyar ɗan Adam na Jami'ar Aberdeen da ke Sukotland, cikinsu har da Rhona Flin da Steven Yule, su ne suka tsara shi tare da likitoci wajajen 2006, kuma Kwalejin Likitocin Tiyata ta Edinburgh na koyar da shi. Sun kasa shi gida huɗu: lura da halin da ake ciki, yanke shawara, sadarwa da aiki tare, sai jagoranci. Amfanin tsarin shi ne ya mai da abin da a da ake kira “halin mutum” ya zama abin da za a iya gani a ba shi maki, a kuma gyara shi.

Lura da halin da ake ciki ya fi yadda ake zato wuya. Likitan da ya sunkuya yana neman jijiyar da ke zubar da jini, idonsa da hankalinsa duk suna cikin wuri ɗan ƙarami. Bai ga agogo ba, bai ga kwalbar da ke zuƙe jini ta kusa cika ba, bai ji ƙarar na'ura ta canza ba. Wannan ba sakaci ba ne, haka ƙwaƙwalwa take idan ta shiga matsi. Shi ya sa ake koya masa ya riƙa ɗago kai yana tambaya: “Jini nawa muka rasa? Minti nawa muka yi?” Ana kuma koya wa sauran cewa faɗa masa haƙƙi ne a kansu.

Ita ma magana tana da ƙa'ida. Idan likita ya ce “a kawo jini”, mutum biyar sun ji, kowa na zaton ɗan'uwansa ya tafi. Idan ya ce “Sista, a kawo jini leda biyu”, ita kuma ta amsa “leda biyu, na tafi”, ta dawo ta ce “ga shi an ɗaura”, to maganar ta rufu, ba ta faɗi ƙasa ba.

Daga harkar jiragen sama aka aro wannan tunani. A 1977, a tsibirin Tenerife, manyan jirage biyu suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin ɗaya daga cikinsu, jirgin kamfanin KLM na ƙasar Holland, ya fara gudu ba tare da izinin tashi ba. Injiniyansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya ce e, ya bar titin, maganar ta tsaya nan. Bayan irin waɗannan haɗura ne kamfanonin jirage suka fara horar da matuƙa kan yadda ƙarami zai ja hankalin babba. Mijin Elaine, Martin Bromiley, matuƙin jirgi ne. Bai nemi a kori kowa ba; ya nemi a yi bincike irin wanda ake yi idan jirgi ya faɗi, kuma a 2007 ya kafa ƙungiyar da ke yaɗa wannan ilimi a asibitoci.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tantancewa mai tambayoyi 19, wadda ake karantawa sau uku: kafin a sa majinyaci barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kafin a fitar da shi. An gwada ta a asibitoci takwas, daga Seattle da Landan zuwa Manila da Ifakara ta Tanzaniya. Mace-mace suka ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari, matsalolin bayan tiyata daga kashi 11 zuwa 7. Amma da lardin Ontario na Kanada ya wajabta ta, binciken da aka buga a 2014 kan asibitoci 101 bai ga wani canji na a zo a gani ba. A ganina bambancin a fili yake: takardar da aka cika ana sauri don a faranta wa ofis rai ba ta sa kowa ya yi magana da kowa.

Nan ne abin ya shafe mu. An rene mu da cewa yaro ba ya katse babba, kuma tarbiyya ce mai kyau a tsakar gida. A ɗakin tiyata kuwa, ƙaramin likitan da ya ga oga zai yanka ƙafar hagu alhali ta dama ce ke ciwo, ko nas ɗin da ta ƙirga auduga ta ga ɗaya ba ta dawo ba, ba su da damar jin nauyi. Sai dai ba adalci ba ne a ɗora musu duka nauyin. Wanda aka taɓa yi wa tsawa a gaban jama'a, gobe shiru zai yi. Babban ne ya kamata ya buɗe ƙofar, kuma takardar ta ba shi wurin yin haka: kafin a fara yanka, kowa a ɗakin zai faɗi sunansa da aikinsa, har da ɗalibin da ke tsaye a baya. Sai a tabbatar da sunan majinyaci, da aikin da za a yi, da ɓangaren jikin da za a yi shi. A nan ne likitan da ya fahimci NOTSS yake ƙara jimla ɗaya da bakinsa: “Duk wanda ya ga wani abu da bai gane ba, ya tsayar da ni.”