Waiwaye: Yadda Fim Ya Koyi Ba Da Labari Tun Bai Iya Magana Ba

Ranar 28 ga Disamba, 1895, mutum talatin da 'yan kai suka biya kuɗin shiga wani ɗakin ƙasa na gidan shan gahawa mai suna Grand Café a birnin Paris, suka zauna cikin duhu. Na'urar da aka kafa musu, Cinématographe, ta wasu 'yan'uwa biyu ce daga garin Lyon, Auguste da Louis Lumière. Gajerun fina-finai goma aka haska, kowanne bai kai minti ɗaya ba, domin zaren da kyamarar ke ɗauka bai wuce mita 17 ba. Ga ma'aikata suna fitowa daga masana'anta, ga iyaye suna ba jaririya abinci, ga maƙera a bakin aiki. A Amurka ma haka abin yake: tun 1894 akwatin Kinetoscope na kamfanin Edison ke karɓar kuɗin mutanen New York, mutum ɗaya ya sa ido a rami ya ga 'yan dambe ko mai rawa. Hoto ya motsa, wannan kaɗai ya ishi mai kallo mamaki, ba wanda ya nemi a ba shi labari.

Amma cikin goman nan akwai guda da ya fita daban. Wani mai lambu yana ban ruwa da mesa, sai yaro ya lallaɓo ta bayansa ya take mesar. Ruwa ya ɗauke. Mutumin ya juyo da bakin mesar yana dubawa, yaron ya ɗage ƙafa, ruwa ya wanke masa fuska. Ya bi yaron da gudu, ya kamo shi, ya jawo shi gaban kyamara ya hukunta shi. A lura da jawowar nan: kyamarar a kafe take, ba ta iya bin su, dole su ne za su dawo inda take kallo. Akwai farko, akwai tsakiya, akwai ƙarshe, amma duka a wuri ɗaya, a ɗauka ɗaya. Matsalar da ta sha kan masu fim shekara goma sha wani abu ke nan: ta yaya za a fitar da labari daga wuri ɗaya zuwa wani ba tare da mai kallo ya ɓace ba?

Maganin farko bakin mutum ne. Fina-finan nan ba su da sauti, amma ba a cika kallonsu shiru ba. Akwai mai kaɗa piyano, akwai kuma mai bayani da ke tsaye gefen allo yana faɗin wane ne wannan, me ya kawo shi. A Japan masu wannan sana'a, benshi, sun yi suna har wasu 'yan kallo don su suke zuwa. Dattawan da suka ga majigin zamanin Turawa a garuruwan Arewa sun san irin wannan, domin motar majigi tana tafe ne da mai fassara da lasifikarsa.

Cikin waɗanda suka ga nunin Lumière akwai wani mai wasan rufa-ido, Georges Méliès, mai gidan wasa na Robert-Houdin. Ya nemi a sayar masa da na'urar aka ƙi, sai ya nemo tasa ta wata hanya. Shi da kansa ya ba da labarin cewa wata rana kyamararsa ta cije yana ɗaukar titi, da ya gyara ya ci gaba, sai a allo keken fasinja ya rikiɗe ya zama keken ɗaukar gawa. Ko da wannan dabara ta tsayar da kyamara a sauya abu ta riga ta bayyana a wani fim na kamfanin Edison a 1895, Méliès ne ya mayar da ita sana'a. Ya gina ɗakin ɗaukar fim na gilashi a Montreuil a 1897, ya yi fina-finai sama da 500. A 1902 ya fitar da Le Voyage dans la Lune, inda aka harba masana da igwa, kumbonsu ya caki wata a ido. Labari ne cikakke na kusan rubu'in awa, sai dai har yanzu mai kallo yana zaune ne a kujera ɗaya, ana sauya masa fage bayan fage. Ba a matso da shi kusa da kowa ba. A kamfanin Gaumont na Faransa kuwa, wata sakatariya mai suna Alice Guy ta roƙi maigidanta ya bar ta ta gwada ɗaukar ƙagaggun labarai, ta zama shugabar shirya fina-finan kamfanin, har ta yi fim mai fage 25 kan rayuwar Annabi Isa a 1906. An daɗe ana tsallake sunanta a littattafan tarihi, kuma wannan zalunci ne.

A ganina ainihin juyin ya faru ne a kudancin Ingila, wajen Brighton, a hannun mutanen da ba su kai Méliès suna ba. A 1899 George Albert Smith ya ɗauki wani ɗan gajeren fage na miji yana sumbatar matarsa cikin tarago, don a manna shi tsakiyar hoton jirgin ƙasa da ke shiga rami a ƙarƙashin tudu yana fita ta ɗaya gefen. An ɗauki jirgin a wani wuri, an ɗauki taragon a wani wuri dabam, amma kwakwalwar mai kallo ta ɗinke su ta ce ai cikin jirgin nan ne. A 1900 ya ƙara gaba: yaro ya ɗauki gilashin karatun kakarsa yana duba abubuwa, duk abin da ya duba sai ya cika allo, agogo, tsuntsu a keji, ƙwayar idon kakar. Mai kallo ya shiga cikin idon yaron. Maƙwabcinsa James Williamson kuma ya fitar da Fire! a 1901, ya bi 'yan kwana-kwana daga tasharsu har cikin ɗakin da ke ci da wuta.

Ba a gane hanyar nan dare ɗaya ba, kuma Edwin S. Porter na kamfanin Edison shi ne shaida. A fim ɗinsa Life of an American Fireman na farkon 1903, an nuna ceton wata mata da 'yarta daga cikin ɗaki har ƙarshe, sannan aka koma waje aka sake nuna ceton tun daga farko. Abu ɗaya sau biyu, domin ba a yarda mai kallo zai fahimci ana tsalle tsakanin ciki da waje a lokaci guda ba. Mai tatsuniya tun fil'azal yana iya cewa mu bar Gizo a daji mu leƙa Ƙoƙi a gida, yara kuma su bi shi. Fim bai samu wannan ba tukuna. A ƙarshen shekarar Porter ya fitar da The Great Train Robbery, minti goma sha biyu ko kusa da haka, wanda aka ɗauki fagagensa na waje a New Jersey: 'yan fashi suna guduwa da ganima, can kuma yarinya tana kwance ma'aikacin tashar da aka ɗaure, can kuma ana rawa har labari ya iso aka hau dawakai. Sanannen hoton nan na ɗan fashi yana harbo 'yan kallo kuwa, an bar wa mai gidan kallo zaɓi ya sa shi a farko ko a ƙarshe. Har lokacin, mai haska fim yana da hannu a tsara shi.

Wanda ya fi burge ni shi ne Rescued by Rover na kamfanin Cecil Hepworth a 1905. An sace jaririya, karen gidan ya dira ta taga, ya bi titi, ya yi iyo ya haye rafi, ya bi ƙofa-ƙofa har ya gano ta. Ya juyo ta hanyar da ya bi, ya ja maigidan, suka sake bin ta tare. In karen ya fita daga wannan hoto, a na gaba za a ga ya shigo yana ci gaba da tafiyarsa, don haka ba a buƙatar mai bayani ko rubutu. An nemi fim ɗin har asalin zaren ya lalace, dole aka sake ɗaukarsa sau biyu.

A shekarar ce kuma aka buɗe gidan kallo na Nickelodeon a birnin Pittsburgh na Amurka, kuɗin shiga senti biyar. Cikin 'yan shekaru irinsa suka kai dubbai, kowanne yana son sabon fim a kai a kai, ba kowanne ke da kuɗin ɗaukar mai bayani ba. Kasuwa ta tilasta fim ya riƙa bayyana kansa, da yanka da haɗi da allunan rubutu. D. W. Griffith ya shigo kamfanin Biograph a 1908, ya yi gajerun fina-finai sama da 400. Ba shi ya ƙirƙiri tsalle tsakanin wurare ba, kamfanin Pathé na Faransa ya riga shi, amma shi ya goge shi. A The Lonely Villa na 1909, ɓarayi suna fasa ƙofa, uwa da 'ya'yanta suna kiran maigida ta tarho, shi kuma yana sukuwa zuwa gida, ana ta rage tsawon kowane hoto har numfashin mai kallo ya sarƙe. Da wannan gwanintar ce ya yi The Birth of a Nation a 1915, fim ɗin da ya ci zarafin baƙar fata ya mayar da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ta'addanci kan baƙar fata, jarumai masu zuwa ceto. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata a Amurka ta yi ta zanga-zanga a kansa, kuma a shekarar aka sake kafa Klan a jihar Georgia.

Yawancin fina-finan wancan zamani sun salwanta, domin zaren fim na lokacin, wanda aka yi da sinadarin nitrate, yana ruɓewa kuma yana kama wuta. Wani rahoton Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka na 2013 ya ce kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan ƙasar marasa sauti sun ɓace. Gajerun fina-finan farko da dama sun tsira ne saboda kafin 1912 kamfanoni kan buga fim a kan doguwar takarda su kai ajiya don kare haƙƙin mallaka. Irin wannan takarda ce ta nuna cewa kwafin fim ɗin 'yan kwana-kwanan Porter da masana suka daɗe suna yabo, mai tsalle tsakanin ciki da waje, wani ne ya sake yanka shi daga baya.